Gwangwanin da Na Kifa wa Bututun Masai

Matan da na yi wa wankan jego a Gyadi-Gyadi, ko ni ban san iyakarsu ba, kuma ba a taɓa cewa sanyi ya kama wadda ta bi ta hannuna ba. In na tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa na fyaɗa wa mace a baya, sai ta kira sunan uwarta, amma ranar arba'in za ta fito kamar amarya. To ni ɗin nan, da hannun nan nawa, saura ƙiris in kashe autata.

Daga gyaran gida abin ya faro. Babban ɗana ya samu buɗi, ya ce ba zai bar uwarsa tana tsuguno a salga ba. Aka cike ramin da muka saba da shi, aka haƙa sokawe a ƙofar gida, aka yi mini banɗaki a jikin ɗakina, da tayil da masai na tangaran mai ruwa. Magini ne ya yi komai har da haɗa fayif, wai ba sai an kira mai aikin famfo ba. Da suka gama na zagaya baya, na ga wani farin bututu ya fito daga ƙasa, ya bi bango ya tsaya daidai ƙasan tagar banɗakin, bakinsa a buɗe. Na ce, wannan fa? Maginin ya ce, "Hajiya, na iska ne, ki bar shi." Ban ƙara tambaya ba, kada a ce tsohuwa ba ta san zamani ba.

Shekara ta zagayo, auta ta yi haihuwar fari. A Tarauni take aure, aka kawo mini ita wankan gida a adaidaita, jaririya a ƙunshe cikin zani. Damina ce, ruwa ba dare ba rana. Mai jego kuwa ba ta haɗa hanya da sanyi, don haka tun kafin su iso na bi gidan lungu-lungu. Tagar banɗaki na liƙe ta da buhu, na danne da katako. Ina wannan aikin ne na gane ashe warin da ke damuna da hantsi daga bakin bututun nan yake fitowa. Na ce, au, kai ne? Na samo tsumma na cusa masa iya tsawon hannuna, na kifa gwangwanin tumatir a kai, na ɗaure tamau da roba. Na koma ɗaki ina yaba wa kaina.

Kwana uku da fara wanka, banɗaki ya fara magana. In an kora masai, sai ka ji daga ramin da ruwan wanka ke bi, ƙululu, ƙululu, kamar wani na kurkure baki a ƙarƙashin ƙasa. Wani sa'in babu wanda ya taɓa komai, ruwan da ke kwance a gindin masan sai ya motsa, ya taso da kumfa ɗaya, ya lafa. Kowa ya san su wa ke zama a banɗaki. Tun muna yara ake ce mana a shiga da ƙafar hagu, a yi addu'a, kada a yi surutu. Kuma jikin mai jego ɗanye ne, ita suka fi so. Ban ce wa auta komai ba, na dai ƙara addu'a.

Ita ta fara yi mini maganar. "Inna, in na shiga wankan nan kaina sara yake yi. Kuma wani wari nake ji kamar ruɓaɓɓen ƙwai."

Na ce, "Raki dai. Ke kaɗai kika taɓa haihuwa? Tururi ne, shi ne maganin."

Baki ne kawai ya faɗa, don ni ma in na fito daga yi mata wanka sai na dafa bango. Idonta ya zurma, kunun kanwa sai ta kurɓa ta ture, jaririya na kuka ita tana kallonta kawai. Na ce a raina, an shafe ta. Na karɓo rubutu wajen malamin unguwa ta sha. Ƙululun bai fasa ba.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, na juye mata ruwan zafi a baho na ce ta shiga ta fara gasa jiki, in ɗauko ganye. Ta ja ƙofa ta rufe ruf kamar yadda na koya mata. Jaririya ta tsala kuka, na tsaya jijjiga ta har ta koma barci. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dawo na ce, "Auta, buɗe." Shiru. Na ƙwanƙwasa. Sai abin nan ya amsa mini daga ciki, ƙululu.

Na tura ƙofar, ta buɗe kaɗan ta tokare da wani abu mai laushi. Na leƙa, na ga ƙafar 'yata a miƙe kan tayil. Maimakon in jawo ta, sai na juya madafa da gudu, don abin da ya zo mini shi ne sun kama ta, kuma hayaƙi ke korar su. Na kwashi garwashi a kasko, na watsa habbatussauda da tazargade, na nufo ɗaki ina salati da iya ƙarfina.

Ihuna ne ya jawo maƙwabcinmu. Mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe yana aikin famfo kafin ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Katanga ɗaya ta raba mu, muna zaman mutunci, amma bai taɓa wuce zaurena ba. Ranar ko sallama bai yi ba. Muka yi kiciɓis a ƙofar ɗaki, ni da kasko, shi yana ɗingishi, matarsa a bayansa. Ya shaƙi iskar ɗakin sau ɗaya, fuskarsa ta sauya.

"Mama, fita da wutar nan! Fita da ita!"

Na ce, "Kauce mini, wannan ba abin da ka sani ba ne."

"Na san shi sarai. Ki shiga da wuta, ɗakin nan ya tashi da ku duka."

Ya fizge kaskon ya wurga tsakar gida cikin taɓo. Ni da ko mijina bai taɓa fizgar abu a hannuna ba. Ya juya mana baya ya ce, "Ku rufa mata zani ku jawo ta waje. Kada ku yi numfashi a ciki." Ni da matarsa muka danna ƙofar, muka ja ta ta hammata, jikinta sharaf kamar jiƙaƙƙen tsumma, leɓenta ya yi toka-toka. Muka shimfiɗe ta a rumfa, ina yi mata fifita da faifai ina kiran ta, shi kuma ya zagaya yana ɓamɓare katakon taga. Na sa kunne a ƙirjinta, bugun zuciyata ya hana ni jin nata. Can sai ta ja wani dogon numfashi, ta yi tari, ta amayar. Aka tsayar da adaidaita muka yi asibiti, suka sa mata abin shaƙar iska a hanci. Sai wajen azahar likita ya ce za ta tashi.

Na dawo gida ɗaukar mata kaya, na tarar da maƙwabcin zaune a dakalin ƙofata, gwangwanin tumatir a hannunsa, tsumman a gabansa.

"Mama, wa ya yi wannan?"

Na ce, "Wari yake kawowa."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki tsinke ya zana mini a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ce ƙazanta in ta taru a sokawe tana tayar da wata iska mai guba, mai kama wuta, kuma dole ta samu hanyar fita, bututun nan shi ne hanyarta. A ƙarƙashin masai da ramin ruwan wanka akwai lanƙwasa kamar gwiwa, ruwa na kwanciya a ciki, wannan ruwan shi ne marfin da ke tare iskar. Da na toshe bututun, duk korar da aka yi sai ta zuƙe ruwan gwiwar, ƙarar da nake ji ke nan. Marfi ya tafi, ruwan sama ya cika sokawe ya turo iskar ɗaki, taga kuma a liƙe.

Na ce, "To ni in zauna da wari a taga?"

Ya ce, "Nan kuma laifin magininku ne. Bututun nan wuce kwanon rufi yake yi, nesa da taga, a sa masa raga a baki saboda ƙadangare. Ga bututun da ya kwantar zuwa sokawe ma bai ba shi gangara ba, shi ya sa ƙazanta ke tsayawa a hanya. In ɗanki ya zo, ya same ni."

Washegari ɗana ya zo aka farfasa siminti, maƙwabcin na zaune kan kujera yana nuni da sanda, har bututu ya haura saman kwano. Ɗana sai zagin magini yake, maƙwabcin kuwa bai ambaci gwangwani ba. Da na so, da maganar ta mutu a nan.

Amma da na koma asibiti na ga auta a jingine tana shayar da 'yarta, sai na zauna bakin gadon na faɗa mata duka, tsumma da gwangwani da buhu da kaskon wuta. Ta shafa kan jaririyar.

Ta ce, "Inna, kin san ran nan da ita na so shiga? Na ce in wanke ta a ruwan kafin ki kawo ganye. Har na kai hannu, na ga tana barci na fasa."

Ban san lokacin da na sulale daga bakin gadon na zauna a ƙasa ba. Wata ma'aikaciya ta zo tana tambaya ko jiri nake ji.

Da aka sallami auta, mijinta ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce in na yarda zai wuce da ita Tarauni, yayarsa ta ƙarasa mata wankan. Na ce Allah ya yi muku albarka. Na ɗaura wa auta ɗankwali, na miƙa mata 'yarta, na tsaya a bakin titi har adaidaitar ta sha kwana.