Tattabara ta Tara

Yaya Zakari ne mutum na farko a gidanmu na Unguwar Shanu da ya taɓa kwamfuta. A 1993 ya samu aiki a wani shago a Badarawa, yana tsara wa na'ura yadda za ta adana sunayen 'yan makaranta. Da abin ya tsaya a shago, da mun huta. Ina! Sai da ya biyo shi gida, ya sauka a kan tattabarunsa.

Ƙa'idarsa, wadda na ji har na haddace, ita ce: in wurin ajiya ya cika ba a ƙara gurbi ɗaya, ninkawa ake yi, don kada kullum a yi ta kwashe kaya. In kuma kaya sun ragu, ba a taɓa wurin sai sun koma kashi ɗaya cikin huɗu, sannan a raba shi biyu.

Ya fara da akurki mai gurbi huɗu, kowace tattabara da nata. Ya koma takwas, ya koma sha shida. Duk ninki sai ya harhaɗa sabo, ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ga tsintsiya. Da ya kai talatin da biyu, ko igiyar shanyar Inna sai a soro.

Sai cuta ta shiga cikinsu, tara suka tsira. A watan ne kuma za a yi walimar saukar Alƙur'anina, ga tsakar gida duk katako.

Na ce, "Yaya, don Allah rage abin nan. Ina mata za su zauna?"

"Nawa suka rage?"

"Tara."

"To tara ba takwas ba ce, Hasana. Kashi ɗaya cikin huɗu na talatin da biyu takwas ne. Mai gaggawar ragewa gobe zai sake ninkawa. Aikin baban giwa."

"Gurbi sha shida ai ya ishi tara!"

"Ya ishe su. Ƙa'ida ce ba ta ce ba."

Inna ta leƙo daga madafi. "Kai ɗan nan, ni na shayar da kai ko na'urar?"

Ko gezau. Kuma ba mugu ba ne, shi ya ɗinka min kayan walimar ma. Taurin kai ne kawai, irin na Baba.

Ana jibi walima, yana fita aiki na kama wata mai ɗingishi na kai wa Kawu Datti ya yanka. Dama Kawun mura yake yi, aka yi masa farfesu da ita.

Da la'asar Yaya ya dawo. Ya ƙirga sau biyu, ya juyo ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauko guduma. Rabi cif ya cire, ko ƙusa ɗaya bai ƙara ba.

Matan unguwa sun samu wuri. 'Yan'uwanmu na Mando da suka makara, a soro suka ci tuwonsu. Shi kuwa sai da ya yi sati bai amsa gaisuwata ba.