Tabarmi bakwai da na ɓoye a rumbu

Shekarun baya, tun gwiwata tana iya kai ni fadama ta maido ni, na yi wa ɗiyata wani abu da har gobe nake jin kunyarsa.

Ɗiyar tawa kurma ce tun haihuwa, da hannu muke magana da ita. Allah da ya hana ta ji, sai ya ba ta hannun saƙa. A garinmu, can gefen Tama, babu macen da ta kai ta iya tabarma mai zane. Ja nan, baƙi nan, fari a tsakani, zanen ya miƙe sak. Masu saye daga Madawa ƙofarmu suke fara tsayawa.

Bayan rasuwar mijinta ta dawo gida. Ba a jima ba ido ya fara. Da fari dundumi ne, sannan gani ya yi ta ƙanƙancewa, har ya rufe. Munka je wajen likita, ya duba, ya ce mu yi haƙuri. Munka dawo da haƙurin. Da, kunne ne kawai babu. Yanzu ko hannun da nake yi mata magana da shi ba ta gani.

Amma ba ta aje kaba ba. Hannu ya san hanyarsa, saƙa tana fita lafiya lau. Launi ne ya rikice. Ja ya shiga inda baƙi yake, baƙi ya hau fari. Maƙwabciyata, tsohuwa ce mai baki, ta leƙo ta ce, "Wagga tabarma ce ko zabuwa anka shanya?" Na ce mata ta kama bakinta. Mai saye kuwa ya juya tabarmar sau biyu, ya aje, ya ce, "Inna, saƙa dai ta yi. Sai dai wa zan kai ma wa?"

To ni da wayona na tsufa, me na yi? Duk wadda ta gama sai in karɓa, in bubbuga mata kafaɗa alamar an saya, in naɗe in jefa cikin tsohon rumbu da babu hatsi. Ɗaya, biyu, har bakwai. Ina ganin tausayi ne nake yi.

Ran nan kaza ta ɓace mata, ta bi bango tana lalube ko kazar ta yi ƙwai cikin rumbun. Ta zura hannu, ta taɓo tabarma. Kowace masaƙiya tana da yadda take ɗaure bakin saƙarta, ita kuwa ta san nata. Ina dawowa daga rijiya na tarar ta shimfiɗa su bakwai a tsakar gida, tana zaune a kan ta ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Ta tattara kabarta, ta ɗaure, ta miƙo mini. Daga ranar ta daina saƙa. Ta daina fitowa. In na kai tuwo, sai ta juya wa bango fuska. Wata uku muna haka, ina kallon mace mai sana'a tana komawa kamar kayan da anka jingine.

Ana nan sai wata malama ta zo daga Buza bisa moto, wato babur, malamar wata ƙungiya da ke bin ƙauyuka tana neman makafi da kurame manya. Na fara zuba mata labari, sai ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, wurinta na zo."

Ta zauna ƙasa, ta sa hannuwanta ƙarƙashin na ɗiyata. Ba ta ja ta ba, ba ta girgiza ta ba. Ta jira har ɗiyar ta fara lalubar yatsunta. Sannan ta fara yin alamun nan namu na kurame, amma cikin tafin hannu, yadda mai taɓawa zai gane. Kowace Laraba sai ta zo. Ta ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa makewayi. Ta koya mata sanda. Ni ma ta sa ni gaba kamar 'yar lakwal, wato 'yar makaranta, in na yi kuskure su biyu su yi ta dariya.

A zuwa na biyar malama ta ce, "Inna, kin taɓa tambayarta mi za a yi da launin?"

Na ce, "Malama, wanda bai gani ake tambaya launi?"

Ta ce, "Mu gwada dai."

Ta tambaye ta. Sai hannun ɗiyata ya fara gudu, malama tana faɗa mini. Ta ce galurar kasuwa da muke rini da ita duk warinta ɗaya ne. Amma tana tune da rinin kakarta, wato uwata: ja na karan dafi da toka, baƙi na bagaruwa da kashin maƙera. Waɗannan, in ji ta, ko cikin duhu hanci yana rarrabe su, kuma baƙin ya fi kaushi a yatsa.

Na zauna daɓas. Rinin nan ni na iya shi tun ina budurwa, na watsar don galura ta fi sauƙi. Maganin yana kaina, tambayar ce ban yi ba.

Washegari na tafi maƙera. Na jiƙa bagaruwa, na dafa karan dafi, gida ya cika da wari har maƙwabciya ta ce zan kore ta daga unguwa. Ɗiyata ta ɗauki kaba ɗaya, ta shinshina, ta murza, ta aje dama. Ta ɗauki wata, ta aje hagu. Ko ɗaya ba ta kuskure ba.

Tabarmar farko da ta gama, ba ta ba ni ba. Ta ce da ƙafarta za ta kai. Munka shiga mota zuwa kasuwar Madawa, ita riƙe da sanda, ni riƙe da zuciyata. Mai sayen nan ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wagga irin ta da ce, ina kunka samo ta?" Na ce, "Ga mai ita nan, tambaye ta." Ya rasa yadda zai yi, sai ya miƙa hannu. Ita ta kama, ta nuna masa da yatsu abin da take so.

Yau tana ɗakinta, tukunyarta daban, rininta ita ke yi. Mata biyu masu ido suna zuwa koyo wurinta. Sunan da take kirana da shi a hannu kuwa, alamar jefa abu cikin rumbu ne. Na karɓa, ni na jawo.

Malamar nan ba ta kawo mana magani ba, ba ta buɗe ido ba. Zama ta yi, ta tambaya, ta jira amsa. Ni na haifi ɗiyar, amma tausayi ya hana ni yin haka.

Bana nawa idon ya fara hazo. Jiya da hantsi ɗiyata ta jawo hannuna, ta sa mini kaba biyu, ta kai su hancina. Na shinshina ɗaya, na yi mata alamar ja cikin tafin hannu. Ta buge mini hannu alamar na kuskure, ta sake miƙo mini.