Gonakin da Yaya Usmanu ya rubuta a takardun kaya

Shekara takwas ke nan a wannan wata na Rajab da muka rasa yayana Usmanu. Ya kwanta kwana tara, Allah ya karɓi abinsa, yana da shekara talatin da 'yan kai. A filin jirgin Madina yake aiki, cikin masu tarbar jirage su sauke kayan alhazai. Wannan ne karo na farko da na iya zama na rubuta wani abu a kansa.

Mu a nan aka haife mu, a unguwar Harra ta Yamma. Kakarmu Hajiya Dije ce ta zo da ƙafa daga ƙasar Hausa tana amarya, ita da kakanmu, suka shekara bakwai a hanya. In ka tambaye ta sunan garinsu sai ta ɗaure fuska. "Can yamma," in ji ta. "Wanda Allah ya ba maƙwabtakar Manzo ya zauna yana ambaton bukkar da ya baro? Butulci ne." Mahaifinmu bai taɓa ji daga bakinta ba har ya rasu, mu ma muka tashi ba mu damu ba.

Ana nan sai wurin aiki suka tura Yaya kwas ƙasar Ailan wata shida. Masauki ya yi wuya a birni, aka ajiye shi a wani ɗan ƙauye, gidan wani tsoho mai suna Shemus da 'yar'uwarsa. Ya dawo mana da rigar ulu mai kauri, a zafin Madina, da labarin da ba ya ƙarewa. Kullum bayan la'asar, in an zuba shayi a tsakar gida, sai ya ɗauko.

Har yau in na lumshe ido ina ganin ƙauyen nan da ban taɓa takawa ba. Coci ɗaya, kanti ɗaya wanda shi ne kuma gidan waya. Ruwan sama ba ya sauka da ƙarfi, yayyafi ne mai laushi da yake yini yana shafa fuska. Gonaki ƙanana kore shar, an kewaye kowace da katangar dutse ba siminti. Da safe ana ɗora tulunan madara a amalanken jaki a kai inda ake kaɗa man shanu. Da bazara maza su fita fadama su yanko baƙar ƙasa, su shanya ta, da ita suke hura wuta duk shekara. A nan Kaka take tsayar da shi. Wasan jika da kaka suke yi, angonta take kiransa. "Kai, angona, ka ji tsoron Allah. Ƙasa ta ci wuta?"

A gefen tsauni akwai kangaye ba rufi. Shemus ya gaya masa cewa fiye da shekara ɗari da suka wuce dankali ya ruɓe a cikin ƙasa, yunwa ta cinye mutane, waɗanda suka tsira da yawa suka hau jirgin ruwa ba su dawo ba. Amma kowace gona tana nan da sunanta. Ran Lahadi tsohon yakan ja Yaya su zaga, yana nuni da sanda: wannan Gonar Gwauruwa, waccan Tudun Farin Doki, ta bayanta Gonar 'Yan'uwa Uku. Masu gonakin sun daɗe da zama ƙasa a wata nahiya, shi kuwa yana kiran sunayen kamar jiya suka fita. Rannan ya juyo ya tambayi Yaya yadda ake kiran gonakin kakansa. Yaya ya ce mana bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don ko sunan garin bai sani ba.

Ya dawo da niyyar sai ya ji daga bakin Kaka kafin ta tafi da shi, don ita kaɗai ta rage. Ya roƙa, ta ƙi. Ya yi fushi, ta yi masa dariya. Sai ya sake dabara. Wata la'asar yana cikin jero gonakin Shemus, ya dube ni ya ce, "Su fa mutane ne masu tsari. Mu a ƙasar Hausa gona gona ce kawai, ba ta da suna." Kaka ta dire kofin shayinta. "Wa ya gaya maka wannan shirmen? To Kuka Biyu fa? Fadamar Maƙera fa, inda ubana yake dasa rake?" Ta yi ta zubowa, idonta a kan bango, muryarta ta koma ta yarinya. Yaya ya zaro takardun da ake ɗaura wa jakunkunan alhazai daga aljihu, yana rubutawa a bayansu da ajami, gona ɗaya takarda ɗaya. Daga ranar, duk sanda yake son ƙari sai ya faɗi wani abu ba daidai ba da gangan, ita kuma ba ta iya barin kuskure ya wuce.

Sunan garin ne kawai ta riƙe. Duk tarkon da ya ɗana sai ta tsallake. "Gobe, angona," take cewa. Shi kuwa yana ta shirin hutun da zai je ya taka gonakin da ƙafarsa. A cikin goben nan ciwo ya kama shi.

Yanzu ana ta rushe tsofaffin lunguna na kusa da Harami don a faɗaɗa masallaci. Alheri ne, ban musa ba, amma jiya na nemi lungun da muke sayen gurasa muna yara na rasa ko inda yake. Na san da Yaya yana nan, da yana gaban motar rusau da takardunsa yana tambayar tsofaffi sunayen lungunan, ana korarsa yana dawowa. Da ya ji 'ya'yana ina musu Hausa suna amsa mini da Larabci, da ya yi dariya ya soma faɗin abu ba daidai ba har su gyara masa. Ina kewarsa ƙwarai, wallahi, har da surutun nasa da nake cewa ya ishe ni.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Takardun kaya ashirin da shida ya bari, ɗaure da zare, suna cikin akwatina. Mutumin da ya bi sunaye haka yana kwance a maƙabartar Baƙi'a, inda ba a rubuta sunan kowa a kabari.

Bayan kwana arba'in da rasuwarsa Kaka ta ce in kai ta Baƙi'a. Mata ba ma shiga, a bakin katanga muke tsayawa. Ba mu san wane tudu ne nasa ba a cikin dubbai. Ta yi sallama, ta yi addu'a tana riƙe da ƙarfen tagar katangar. Sannan ta kai bakinta jikin ƙarfen, ta ɗaga murya yadda ake yi wa mai nisa magana.

"Tsamiyar Bawa," ta ce. "Sunan garin ke nan, angona. Na makara, ka yafe mini."