Kwaɗon Zogalen da Inna Ta Hana Mu Taɓawa

Jiya na kama jikata Hafsatu a bayan ƙofa, bakinta duk ƙuli, tana lashe kwanon zogalen da na ce nawa ne ni kaɗai. Yarinyar da ganye ba ya shiga bakinta. Na ɗaure fuska da ƙyar.

Zamanin Turawa, muna yara a Kunduru, in Baba ya kai gyaɗa Kankia yakan dawo mana da alawa. Daga nan muka raina ganye. Inna ba ta taɓa dukan kowa ba. Kwaɗo kawai take yi, ta rufe da faifai, ta ce na manya ne. Tana fita mu wawashe.

Sai da na haihu na tambaye ta: "Inna, ba ki taɓa lura muna sace maki kwaɗo ba?"

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, wa ke ɓoye abu a inda hannun yaro ke kaiwa?"

Ga ni da furfura, zogale bai bar kwanona ba. Na gobe ma zan ƙara masa ƙuli.

Ku da wace dabara aka kama ku?