Tuwon da Nake Zubarwa Bayan Zana

Na manta da yawa daga abin da aka karantar da ni a makarantar horar da malamai, amma akwai wata safiyar Laraba da ko tsufa bai isa ya shafe mini ita ba.

Shekarata ta farko a aiki aka tura ni wani ƙauye a arewacin Takanamat. Ɗan Tawa ne ni, mai takalmi sau-ciki da ganin cewa ilimi ya iso garin ranar da na sauka daga mota. Yara na kirana Mushe, wato malam a Faransancinsu, kamar kowane malamin lakwal, makarantar boko ke nan. Mai gari ya tsara cewa kowane gida da ranar da zai aiko mini abincin rana. Damina ba ta yi kyau ba, maza duk sun tafi Abijan, amma kwano bai taɓa fashi ba: tuwon hatsi da miyar kuka, wani lokaci da ɗan yashi. Ni kuwa ina da taliya da sardin da risho. Sai in karɓa, in zaga bayan zana in juye wa awaki a wata fasasshiyar roba, in miƙa wa yaron da ya kawo kwanonsa ban ce uffan ba.

Ana nan aka kira mu taron ƙara wa juna sani a Tawa, na dawo da sabuwar dabara, wai itacen godiya. Na zana ƙaton icce a allo, na yanka takardu kamar ganye, kowane yaro ya faɗi wanda yake gode wa da dalili, a manna. Wani ya gode wa kakarsa, wani jakin gidansu mai ɗebo ruwa. Ni dai ina ta jiran sunana.

Can wata 'yar aji uku, siririya mai giɓi, ta ɗaga hannu.

“Na gode ma Mushe.”

Na gyara wuyan riga. “Madalla. Don mi? Ɗaga murya kowa ya ji.”

“Don ba ka cin tuwonmu.”

Ta yi bayani dalla-dalla, yadda na koya musu. Ranar da layi ya zo gidansu, innarta kan kwashe mini mai kyau, su a bar musu ƙanzo. Idan ita yarinyar ta kawo, sai ta laɓe da ƙanenta har in juye, su kore awaki su ci.

Wani yaro daga baya ya ce, “Mu ma haka! Ran Lahadi har da wake munka samu.”

Ajin ya ɗauki hayaniya, kowa na ba da labarin ranar gidansu. Yarinyar ta ƙara da ladabi, “Sai dai Mushe, ka riƙa zubawa sannu. Rabi ƙasa shika faɗuwa.”

Na tsaya da alli a hannu. Maganar da aka yi gaban yara arba'in, kafin azahar ta gama gari, kuma matan nan za su ji inda abin da suka hana 'ya'yansu yake ƙarewa. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in ce kada wanda ya faɗa a gida. Sai na ga godiya da ƙarya sun yi wa darasi ɗaya yawa.

Bayan la'asar na tafi gidan su yarinyar da ƙafata. Na iske uwar tana sussuka. Na yi sallama, na durƙusa, na soma kame-kame. Ba ta ajiye taɓarya ba.

“Mun sani, Mushe. Tun watan da ka zo.”

“To Inna, mi ya hana ku daina aikowa?”

“A daina ba baƙo abinci? A garin wa? Ba ka munka yi, ya zama naka.” Ta share gumi da gefen zane. “Kullum dai idan ɗiyar ta dawo nakan tambaye ta, Mushe ya ce mi? Ta ce bai ce komi ba.”

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce, “Na gode, Inna.” Wata bakwai kalmar ta yi a hanya kafin ta iso.

Ta ce, “Ba komi. Tashi, wandonka na shan ƙasa.”

Daga ranar duk wanda ya kawo kwano tare muke sa hannu, kuma ba ya komawa sai da saƙon gaisuwa. Har yau ina karantar da yara godiya, amma kafin in tambaye su wa suke gode wa, nakan tambayi kaina wa ke can yana jiran tawa. Wanda bai iya karɓa ba, bai kai ya koya wa kowa cewa an gode ba.