Aljihun Bayan Farfesa Mika'ilu

Shekara ashirin da shida ina taka keken ɗinki a unguwar Sabo, na yi wa mutane aljihu iri-iri, amma mutum ɗaya tak ya taɓa sa ni na ɗinka masa aljihu a gadon baya. Shi ne Mika'ilu ɗan dako, wanda duk unguwa ke kira Farfesa, rabi don tsokana, ɗaya rabin ma don tsokana.

Mutumin Ringim ne. Ya zo Ibadan yana saurayi a bayan motar albasa, da niyyar ya ci rani ɗaya ya koma, ga shi yau har da jikoki masu faɗa da juna da Yarbanci. A kasuwar Bodija yake aiki: gammo a ka, buhu a kan gammo, daga bakin mota zuwa rumfa. Da can ba shi da surutu. Surutun ya same shi ne shekara goma sha uku da suka wuce, ranar da buhun albasa ya zamo daga saman tirela ya sauka masa a haƙarƙari.

Aka kwashe shi zuwa asibitin da ake koyar da likitoci, aka ce a yi masa hoton ƙirji. Sau uku ana ɗauka, mai ɗaukar hoton yana tsaki, yana cewa shi ne ya kuskure. Daga ƙarshe aka kira wani dattijon likita, Dakta Ajibola, wanda aikinsa shi ne koya wa ɗalibai karanta irin waɗannan hotuna. Ya duba, ya sa abin sauraro a ƙirjin Mika'ilu, ya yi murmushi. Ya ce haƙarƙari lafiya lau, sai dai Allah ya halicci mutumin nan a juye: zuciyarsa a dama take, hantarsa a hagu, duk kayan cikinsa sun yi musayar wuri. Ba cuta ba ce, haka aka haife shi.

"Amma Baba, ka riƙe wannan magana," in ji likitan. "Ranar da ciwon ciki ya kayar da kai, likitan da bai san ka ba zai nemi cutar a inda ba ta. Kafin ya gane, lokaci ya ƙure. Kada ka rabu da hoton nan."

Kashegari sai ga shi a shagona da hoton a cikin ambulan mai faɗin tiren talla.

"Safiyanu, aljihu nake so."

"Na wannan? Malam Mika, ai wannan sai dai a yi masa ɗaki."

"A baya za ka yi shi, daga ciki. Kai na buhu ne, hannu na kama buhu ne, baya ne kaɗai ba shi da aiki."

Na yi masa. Tun daga ranar, duk rigar da ya kawo sai na lafta mata aljihun nan, ya naɗe hoton a leda ya zura. Tafiyarsa ta koma ta soja, don in ya ranƙwafa hoton zai lanƙwashe. A masallaci yakan zare shi ya jingine a bango kafin a tayar da salla, yara suna leƙe. Matarsa Azumi ta ce ita dai tun aurensu ta san a juye yake, ba sai an ɗauki hoto ba.

Sai kuma Dakta Ajibola ya fara aiko masa. Sau biyu a shekara, idan sababbin ɗalibai suka kai ga darasin hoton ƙirji, Mika'ilu yakan ajiye gammo, ya yi wanka da sabulu mai ƙamshi, ya hau okada, wato acaɓa. Tun a shekarun farko na taɓa raka shi don in ga ƙaryarsa, to gani ya kori ji.

Ga yadda abin yake. Za a zaunar da shi a kujera a gefe kamar wanda ya zo jiran wani. Likita zai manna hoton a wani allo mai fitila, ya kira ɗalibi ya ce faɗi abin da ka gani. Ɗalibi zai kalla, ya yi ɗan murmushin wanda ya kama malaminsa da kuskure, ya ce an manna hoton a baibai. Ya cire, ya juya, zuciya ta koma hagu inda littafi ya ce take. Likita sai ya nuna masa Mika'ilu ya ce je ka saurari zuciyar mai hoton. Ɗalibi ya ɗora abin sauraro a hagu, ya ji abu can nesa kamar gangar wata unguwa. Ya matsa sama, ya matsa ƙasa, gumi ya fara tsattsafo masa. Shi kuwa gogan naku ya lumshe ido, ya sake baki, ya yi kamar ya riga mu gidan gaskiya. Sai da ya ga yaro ya kusa kiran salati, sannan ya buɗe ido ɗaya, ya kama hannunsa ya kai dama, ya faɗi duk Turancin da ya mallaka:

"No be foto turn, my pikin. Na me turn."

Wato ba hoton ne ya juya ba, shi ne ya juya. Aji ya ɗauki dariya. Daga nan Dakta Ajibola ya nuna musu wani ɗan harafi da ake bugawa a kusurwar kowane hoto don a san ina ne dama, ya ce wanda bai fara duba wannan ba, abin da ya saba gani yake karantawa, ba abin da ke gabansa ba.

A ranar da na je, wata ɗaliba siririya mai gilashi, Morenike, ita ta fi kowa gardama. Sau biyu tana juya hoton, ta ce harafin ma kuskure aka yi wajen buga shi. Da hannunta ya sauka a dama ta ji bugun, sai ta fashe da kuka don kunya. Mika'ilu ya laluba aljihun gaba, na mutane, ya ba ta dabino biyu.

Idan ya dawo Sabo kuwa, mun shiga uku. Zai zauna a bencin shagona ya ce yau ya kayar da likitoci goma sha takwas. Ya ce amalar da ake ba shi a can ba ta yi masa ba, amma ba mu taɓa jin ya rage ba. In aka yi musu a kan ƙwallo ko farashin doya, sai ya ce, "Ku yi shiru, ni da nake koyar da likitoci." Alhali ko sunansa sai dai ya dangwala yatsa.

To, ga inda laifina ya shigo, kuma ba zan ɓoye ba. Bara Azumi ta sayo masa shadda mai kyau saboda ɗaurin auren Suhaibu, ɗan wani amininsa, a can unguwar Ojoo. Na shimfiɗa shaddar nan na dube ta, raina ya ƙi. A ce in ɓata wannan da aljihun tire? Na ɗinka riga tsaf ba aljihun baya. Da ya zo karɓa ya shafa ciki ya ji wayam, ya dube ni.

"Safiyanu, ina wurin hoton?"

"Haba Farfesa! Shekara goma sha biyu ko zazzaɓin kirki ba ka yi ba. Wuni ɗaya ne fa. Ka tafi biki kamar mutane, ba kamar allon makaranta ba."

Mutanen benci suka taya ni da dariya. Ya karɓa. Ban sani ba ashe kwana biyu ke nan cikinsa na murɗa masa, yana ta shan agbo, jiƙon Yarbawa, a ɓoye.

Ranar Asabar muka tafi tare. Ana shafa fatiha, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, na ga ya dafe ƙasan cikinsa ta hagu ya durƙushe. Jikinsa zafi rau, ga amai. Muka sa shi a keke-napep zuwa wani ƙaramin asibiti da ke kusa. Na kira Azumi na ce ta ɗauko ambulan ɗin hoton ta hau okada, sai ga hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, hanya ta cushe.

Likitan da muka tarar matashi ne, mai ladabi, a wani gari ya yi karatu. Ya danna cikin ya ce da a dama ne ciwon yake, da ya ce afendis ne a shiga tiyata yanzu, amma tunda hagu ne, a sa masa ruwa a duba zuwa gobe. Na ce likita, mutumin nan a juye yake. Ya dube ni yadda ake duban tela idan ya shiga maganar likitoci. Na yi Hausa, na yi Yarbanci, na yi rantsuwa, har dai don ya rabu da ni ya sa aka yi hoton ƙirji. Hoton ya fito a kwamfuta, zuciya a dama ƙiri-ƙiri. Ya yi tsaki, ya ce yaran nan kullum sai sun sa hoto a baibai, ya danna wani abu, hoton ya juya.

Mika'ilu na kwance yana nishi, bakinsa na motsi, maganar ta ƙi fita. Ni na raba shi da hoton nan, don kawai shadda ta yi kyau. Tsoro irin na ranar ban taɓa ji ba.

Ihuna ne ya fito da babbar likitar wurin daga ofis, wata mace mai gilashi. Ta tsaya a bayan matashin tana kallon kwamfutar.

"Mayar da shi yadda ya zo," ta ce. "Ka duba harafin kusurwa?"

Ya mayar. Ta waiwaya ta dubi mai kwance, ta ƙara matsowa.

"Baba Sabo? E pele, Baba!" Ta yi masa sannu da Yarbanci, ta kama hannun matashin, ta ɗora shi a ƙirjin Mika'ilu ta dama. "No be foto turn," ta ce masa a hankali. "A shirya ɗakin tiyata, yanzu-yanzu."

Morenike ce. Ta yi jiki, ta zama babba, amma gilashin yana nan.

An shiga da shi da kamar rabin awa sai ga Azumi, jiƙe sharkaf, ambulan a ka ta kifa masa tire. Da aka fito, likitar ta ce abin ya kumbura yana gab da fashewa, da an kai gobe da labari ya sha bamban. Na koma bayan asibitin na yi kuka, ni da gemuna.

Da aka sallamo shi na kai masa rigar shaddar har gida, na yi mata aljihu da ɗinki biyu-biyu. Ya juya ta, ya shafa.

"Safiyanu," ya ce, "shekara da shekaru ina tsammanin a bayana nake ɗauke da hoton nan. Ashe na rarraba shi a kawunan yaran mutane."

Na ce to, ke nan a huta da aljihu?

"Kai dai tela ne," in ji shi. "Wancan yaron da ya juya ni fa? Ai bai yi ajina ba. Akwai sauran aiki."

Bayan ya ji sauƙi, wata ranar Alhamis na hango shi daga shago yana takawa a hankali zuwa bakin titi, a miƙe kyam kamar soja, zai je ya kayar da wasu goma sha takwas. Mutanen benci suka ɗaga murya, "Farfesa, a dawo lafiya!" Na kasa kunne sosai, ban ji wanda ya yi dariya ba.