Yahuza Mai Kamo Sabis

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Sheme ya san Yahuza da doguwar gorarsa. In ka hango gora tana tafiya ta saman katangu, da wata 'yar na'ura ɗaure a kanta da roba, ba sai ka tambaya ba. Sana'arsa cajin waya ce a 'yar rumfa bakin titi, amma abin da ya yi suna da shi kamo sabis. A garinmu sabis ɗin waya ba ko'ina yake sauka ba. Yahuza ya san inda yake kwana da inda yake wuni.

Asalinsa ɗan wani ƙauye ne bayan Pauwa. Shekara goma sha biyu yana acaba tsakanin Faskari da Sabuwa, har ranar da ya faɗa kwazazzabo da buhun masara biyu. Ƙafar ta ɗoru amma ta gajarce, sai ya bar babur. Mutum ne mai gardama in ana zancen ƙwallo, har jijiyar wuyansa ta tashi, amma ban taɓa jin ya ɗaga wa babba murya ba. A rumfarsa mai gidana Malam, Allah ya jiƙansa, yake zama bayan la'asar in zai yi magana da autanmu Mas'ud.

Mas'ud karatu ya kai shi wata ƙasar Turawa mai tsananin sanyi, ya sami aiki, ya yi aure can. Ɗansa Salahuddeen shekararsa goma sha bakwai, bai taɓa taka Sheme ba. Duk sanda suka shirya zuwa sai hanya ta lalace, Malam da kansa ya ce su zauna. A waya muka san shi. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da 'yan kalmomi ba, amma in na ce masa angona yana dariya, don ubansa ya gaya masa wasan jika da kaka ne.

Bana aka zaɓe shi cikin yaran da za su yi wa ƙasar wasa, a gasar da ake tara matasan ƙasashe. Hoki suke ce wa wasan. A kan daskararren ruwa ake yi, da takalma masu ƙarfe a ƙasa da sanduna masu lanƙwasa. Malam ya yi murna, ya ce wa yaron, "In Allah ya kai mu zan kalle ka da idona." Allah bai kai shi ba. Zazzaɓin kwana huɗu ne.

Bayan addu'ar bakwai yaron ya kira, ubansa yana fassara. Ya ce, "To, Kaka, ke za ki kalle ni?" Na ce i. Sai da na ajiye wayar na tuna ina cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba ni da fita. Gidanmu kuma a gangare yake, ko kira sai an hau kan turmi. Na san zai tambaye ni ko na gan shi, ni kuwa ban iya yi masa ƙarya.

Na aika aka tambayi liman, ya ce kallon jika ba ado ba ne, fitar ce dai babu. Hamida matar Yahuza ta ji zancen wurin maƙwabciyata Rifkatu, ta kai wa mijinta. Washegari na ji sallama daga zaure.

"Inna, ni ne. An ce Malam ya yi wa yaron alkawari."

"Ya yi, Yahuza. Amma ka san gidan nan."

"Na san shi, rami ne. Ki bar ni da shi."

Kwana biyu ina ganin gora tana zagaya katangarmu, ta tsaya, ta karkata, ta wuce. Rana ta uku ya ce ya samu, a lungun baya wajen juji, amma sai ya haɗa gora biyu. Ya gwada ɗaure ta a reshen dalbejiya, iskar bazara tana kaɗa ta sabis ya gudu. Ya ce ba komai, da hannu zai riƙe.

Ranar wasan ana idar da azahar Hamida ta shigo da wata babbar waya mai faɗin faranti da mijinta ya aro wurin wani malamin makaranta. Ta jingina ta da ƙwarya a gindin rumfa. Muka zauna ni da ita da Rifkatu. Yahuza namiji ne, gidan kuma na mai takaba, don haka yana bayan katanga, cikin ranar nan da ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu.

"Ya kawo?" in ji Yahuza.

"Yana juyawa! Yi gabas kaɗan!" in ji Hamida.

"Gabas ɗin wa? Taki ko ta Allah?"

"Wajen masallaci, mai ƙwallo! Tsaya! Kada ka motsa!"

Sai ga fili fari fat, da yara suna sulu a kai kamar ba ƙafa gare su ba. Kowanne ya rufe kansa da hular kwano mai raga a fuska, hannuwa a rufe, kafaɗu a kumbure. Ba fuska, ba fata. Mas'ud ya aiko mana tun ranar wasansu na farko cewa farar riga, lamba tara. Hamida ta sa yatsa ta nemo shi.

"Ga shi nan, Inna! Ga angonki!"

Muka bi mai farar riga da ido. Bai yi minti guda ba sai ya tsallake shinge ya zauna, wani ya shiga.

"Wayyo, an cire shi!" in ji Rifkatu.

"An cire wa?" Yahuza ya yi ihu daga waje. "Yanzu fa aka fara! Minti ɗaya? Wallahi kocin nan azzalumi ne, ɗan wani yake son sawa!"

Gorar ta girgiza, hoto ya tsaya cak.

"Ka riƙe aikinka, ka bar wa koci nasa!" in ji matarsa.

Da hoton ya dawo sai ga shi an maido da shi, aka sake fitarwa, aka sake maidowa. Ashe haka suke yi wa kowa, gudun ne ba ya barin mutum ya daɗe. Su Hamida suna ta tafi, ni kuwa raina bai kwanta ba. Wannan mai farar riga a miƙe yake tafiya, ƙirji gaba. A zuri'ar Malam ba mai tafiya haka.

Na bar shi na koma duban masu shuɗiyar riga. Can sai na ga wani yana shigowa, kafaɗar hagu a sauke, kai a ɗan karkace kamar mai sauraron magana. Da ya fita ya zauna, mai ɗaukar hoto ya bi layin da suke zaune. Yaron ya kafa sandarsa tsakanin ƙafafu, ya ɗora hannu bisa hannu a kanta, ya jingina haɓarsa. Shekara hamsin da biyu ina ganin wannan zama a ƙofar ɗakina, duk ranar da Malam ya dawo gona da sandarsa.

Na ce, "Hamida, ba wancan ba ne. Ga shi nan."

"Inna, farar riga aka ce."

"Ko me aka ce. Duba bayansa."

Ya miƙe zai shiga, sai ga tara a gadon bayansa. Ashe kowane ɓangare da mai tara, kuma ranar sun canza riga. Rifkatu ta kama baki.

"Yau mun shiga uku, tun ɗazu ɗan mutane muke wa addu'a!"

"Me ya faru?" in ji Yahuza.

"Ɗan abokan gaba muke goyon baya!"

"To ku tuba ku dawo! Hannuna ya mutu, amma ku kalla!"

Wajen awa biyu aka yi. Na ga ya faɗi sau ɗaya ya tashi da kansa. Na ga ya tare wani ƙato a jikin shinge. Bai ci ba, kuma su aka cinye da ɗaya. Da aka gama suka jeru, ya cire hular yana haki, sai ga goshin Malam. Ban san ina hawaye ba sai da Rifkatu ta miƙo mini gefen mayafinta.

Yahuza bai ga ko ƙyallin wasan ba. Hamida ta ce kwana biyu bai iya ɗaga hannu ya kai loma, ita ta riƙa ba shi tana yi masa tsiya. Na aika masa da hular Malam ta zuwa Juma'a, ya dawo da ita sau biyu, a na uku ya karɓa. Har yau in zancen ya taso a rumfa cewa yake kocin azzalumi ne.

Washegari da hantsi ya sake ɗaga gorar don kiran ya shigo.

"Kaka, kin gan ni?"

"Na gan ka, angona. Na ga faɗuwarka, na ga tashinka." Sai na ce wa ubansa, "Tambaye shi wa ya koya masa ɗora haɓa a kan sanda."

Suka yi magana da yarensu. Mas'ud ya ce, "Wai ba kowa, Inna. Haka dai yake hutawa." Daga nan na ji yana jan hanci.

Na ce, "To ka gaya masa alkawarin kakansa ya cika. Ka kuma koya masa sunan Yahuza, ya riƙa sa shi a addu'a."

Daga bayan katanga aka ce, "Inna, ku yi sauri da addu'ar, iska ta taso."